Abin da Wuƙa Ba Ta Gani

Ni ɗiyar Sallau ce, mahaucin Agege.
Tun ban kai tebur tsawo ba na san hanta da saifa,
na san huhu ba ya nauyi a sikeli,
na san matsarmama in ta fashe
ta ɓata wa mutum cinikin yini guda.
Da na ce zan karanci aikin jiki a Idi-Araba
Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Abin da ke kan faifaina kullum
shi za ki biya kuɗi a nuna miki?"

Ranar farko Dakta Oyelaran ta zana ƙoda a allo.
Na ce a raina, wannan ai mun saba,
sau nawa na ɓare mata kitse da farce.
Sai ta ce: lita ɗari da tamanin take tacewa a yini,
ta mayar wa jini kusan duka,
abin da take zubarwa bai cika gora biyu ba.
Na ajiye biro.
Ashe duk shekarun nan gawarta na sani,
ban taɓa riskar ta a bakin aiki ba.

Da asuba nake fita. Danfo ya cika ya batse,
a Oshodi mu tsaya cik kamar an ɗaure mu.
Littafi a cinya, gwiwar hannun wani a haƙarƙarina,
ina haddar yadda jini ke barin zuciya ta hagu,
ya bi manyan tituna, ya kutsa lunguna
inda ƙwayoyinsa ke wucewa ɗaya bayan ɗaya,
ba hon, ba zagi, ba kwandasta,
kowa ya sauke iskarsa, ya ɗau kaya, ya juya.
Da tsarin Ikko ne a ƙirjina
da tuni an yi sadakar bakwai.

Dare. An ɗauke wuta, janareton maƙwabta na tari.
Nkiru ta yi barci, kumatunta a kan hoton hanji,
ni kuwa na kasa kunne ga kaina.
Wa ya ce wa wannan tsoka ta buga?
Ba ni ba. Ban taɓa tuna mata ba ko sau ɗaya.
Ina fushi tana yi, ina sujada tana yi.
Ranar da na faɗi jarrabawar jijiyoyi
na sha kuka a bayan ɗakin gwaji,
ita ko ba ta tsaya yi mini jaje ba.

Juma'ar nan na koma gida da ma'auni a jaka.
Baba na dafe ƙeya, wai zafin rana ne kawai.
Na naɗa masa a damtse, na matsa, na saki a hankali,
na ji ƙwanƙwasar farko tun allura na can sama,
inda bai kamata a ji ta ba.
Hannun da ya feɗe shanu dubu
ya kwanta a tafina kamar na yaro.
Na ce: Baba, gishirin nan, da romon kitse na safe.
Litinin za mu asibiti tare.
Ya ce: "Me kika gani? Ba ki yanka ba."
Na ce: ji na yi.

Ya yi shiru. Can ya miƙo yatsu biyu
ya ce in nuna masa wurin.
Na ɗora su a wuyan hannuna, ƙasa da babban yatsa.
Ya runtse ido. A waje mai burodi na talla,
masallacin layinmu na gwada lasifika.
"Yana motsi," ya ce.
"Shekara arba'in ina buɗe su,
kullum sai in tarar an riga an tashi daga aiki."